Ranar da Malama Uwani Ta Koma Tsakanin Gora

Duk wanda ya zauna Gawon Nama ya san Malama Uwani, in bai san sunanta ba ya san muryarta. Ita ce matar nan gajera, kakkaura, mai ɗan ɗingishi a ƙafar hagu, wadda usur ba ya rabuwa da wuyanta ko gidan biki za ta. Malamar motsa jiki ce a wata makarantar 'yan mata, kuma ta daɗe a wurin har ta koyar da uwa ta dawo ta koyar da ɗiya. 'Yan kabu-kabun unguwar sun san ba a gudu da ita. Wanda ya manta ya murɗa totur, sai dai ya ji usur cikin kunnensa, ya rage gudu yana ba da haƙuri.

A Ƙofar Marke aka haife ta, gidan Alhaji Tukur mai sayar da hatsi. Cikin buhunan gero da dawa ta yi rarrafe, kuma tun tana ƙarama aka gane ba ta iya zama wuri ɗaya. Da ta isa shiga sakandare, Alhaji ya haɗa ta da Lami, ɗiyar ƙanwarsa, aka kai su makarantar kwana. Uwani da Lami taubasai ne, ɗiyar namiji da ɗiyar mace, wato abokan wasa tun daga zanen goyo. Irin wannan zumunci ba kunya a cikinsa. Ɗaya ta zagi ɗaya, ta ɓoye mata takalmi, ta kwashe mata nama a kwano, babu babban da zai sa baki, sai dai a yi dariya.

A shekarun nan gwamnati na ɗauko malamai daga ƙasashe masu nisa, ga Indiyawa, ga 'yan Gana, ga mutanen Filifin. Cikin na Filifin akwai wata 'yar siririyar mata mai koyar da kimiyya, Misis Batista. Zafin Sakkwato ya ba ta kashi, baiwar Allah, kullum da jiƙaƙƙen tawul a wuya. Kewar gida kuwa ta fi zafin cin ta. Wata rana ta ga magina sun jingine dogayen gora, irin wadda suke ɗaurawa su hau in za su yi wa bene shafe. Ta tsaya ta yi ta kallo kamar ta ga ɗan uwa. Ba ta bar wurin ba sai da ta roƙi guda biyu.

Ranar Asabar da la'asar ta tara yara gindin dogon yaro. Ta ɗora gorar nan biyu jere a kan guntayen katako, ta durƙusar da yarinya a kowane ƙarshe, kowacce ta kama bakin gora da hannu bibbiyu. Ta nuna musu yadda ake yi. A buga gora ƙasa sau biyu a buɗe, sannan a haɗe su da ƙarfi. Ƙwal, ƙwal, ƙwas! Mai rawa ta jefa ƙafa tsakani lokacin da suke buɗe, ta zare kafin su haɗu. Ta ce a garinsu ana kiran rawar Tinikilin, sunan wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu da ke yawo gonar shinkafa yana tsallake tarkon manoma. Yara suka kasa riƙe sunan, suka ce rawar gora, kuma sunan da ya bi ta ke nan har yau.

Doka ɗaya Misis Batista ke da ita, kuma ba a kan mai rawa take ba, a kan masu riƙo take. Mai riƙo ba ta kallon fuskar mai rawa, ba ta jira, ba ta sassauci. Ta bayyana musu cewa mai rawa da kunne take taka ƙafa. In bugu ya tafi daidai, ƙafa ta san lokacin shiga da lokacin fita. In mai riƙo ta ji tausayi ta ɗan dakata, bugun ya rikice, to a nan ne ake kama idon sawu. Hausarta ba ta wuce cikin cokali ba, amma ta haddace abin da take buƙata. Sai ka ji ta tana tafa hannu tana ƙwala ihu:

"Ba tausayi! Rufe! Rufe!"

Wa ya ga Lami da wannan doka! An ba taubashiya izinin matse ƙafar taubashiyarta, kuma malama ce ta bayar. Ta zama gwanar riƙo don mugunta kawai, Uwani kuma ta zama gwanar rawa don kada Lami ta samu abin dariya. Har suka gama makaranta Lami ba ta kama ta ba ko sau ɗaya, abin yana cin ta.

Akwai hutun da wani mai baki ya kai wa Alhaji Tukur tsegumi cewa ana koya wa ɗiyarsa rawar baƙi. Alhaji ya kira ta, fuska a ɗaure. Uwani ba ta yi rantsuwa ba, ba ta yi kuka ba. Ta ɗauko taɓare biyu ta shimfiɗa tsakar gida, ta kira Lami da wata ƙanwarta suka riƙe, ta shiga. Alhaji ya tsaya bakin zaure yana kallo. Can ya gyara hularsa ya ce wannan ai gudun tsira da ƙafa ne, ba rawa ba, kuma a mayar wa mata taɓarensu za su daka hura.

Da abubuwa suka taɓarɓare, malaman waje suka fara tattara kaya, Misis Batista ma ta tafi. Ta bar wa Uwani gorar nan biyu, kuma daga ranar ba a sake jin ɗuriyarta ba. Uwani ta yi kwalejin horon malamai, ta auri Malam Gidaɗo, ta haihu, ta yi jikoki, ta rufe mijin nata, duk tana jan rawar gora a bayanta. Gora ta tsage ta sake wata, ta sake wata. Kowace shekara ranar yaye ɗalibai, ranar da iyaye mata ke cika filin makaranta, rawar gora ce ke rufe taro.

Kada a ce ba a tsokane ta ba. Kusan kowace shekara sai an samu wanda zai karkace baki ya ce wannan ba al'adarmu ba ce. Amsarta ɗaya ce, kuma ba ta rage murya in za ta bayar:

"Ƙwallon ƙafa da ɗiyanku ka bugawa, Ƙofar Atiku anka haihe shi? Ku bar ni da gorata."

Abin da masu baki suka kasa, gwiwa ta yi shi. Ciwo ya kama gwiwar hagu, a hankali ya zauna daram. Malama Uwani ta daina shiga tsakanin gora. Ta koma koyarwa da baki daga kan kujera, tana hura usur tana nuni da sanda. Shekaru suka tafi, aka wayi gari babu yarinya ɗaya a makarantar da ta taɓa ganin yadda rawar take a ainihinta. Masu riƙo suka zama matsorata, suna kawo gora kusa da kusa sai su tsaya, ba ƙara ba komai. Masu rawa suna ɗaga ƙafa sannu-sannu kamar mata masu tsallake kwata da sabon zane. Bikin bara iyaye hirarsu suka yi ta sha har aka gama, wata ma ta yi hamma da ƙarfi. Malama Uwani ta ji hammar nan har cikin ƙashinta.

Bana kuma ita ce shekararta ta ƙarshe kafin ritaya. Ana saura 'yan makwanni biki, shugabar makaranta ta aika a kira ta. Hajiya Zakiyya ke nan, wadda Malama Uwani ta koyar tun tana 'yar aji ɗaya mai yoyon hanci. Ta tashi daga kujerarta ta gaishe ta da ladabi, ta sa aka kawo ruwan sanyi, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta fito fili.

"Malama, don Allah kada ranki ya ɓaci. Rawar nan ta gaji. Ina ganin bana mu hutar da ita, mu sa wasan kwaikwayo a madadinta."

Malama Uwani ta ajiye kofin ruwan ba ta sha ba. Ta sani sarai, in aka cire rawar bana, an cire ke nan har abada. Ita za ta tafi, babu malamar da ta iya, gora kuma za ta ƙare a murhun masu dafa abincin makaranta.

"Zakiyya," ta ce, ba Hajiya ba komai, "rawa ba ta gaji ba, yara ne ba su taɓa ganin ta ba. Ki ba ni zuwa Alhamis. Ki zo da kanki ki gani. In ba ta yi ba, ni da hannuna zan kai gora kicin."

"Wa zai nuna musu, Malama?"

"Ni."

Hajiya Zakiyya ta dubi gwiwar nan, ta tuna wa ke gabanta, ta amince.

Ranar Litinin da yamma Malama Uwani ta cire takalmi gindin dogon yaro, ta ɗaure zane tamau a kan wando. Nafisa da Jamila, 'yan ajin ƙarshe, su ne masu riƙo. Ta hura usur, suka fara, ta jefa ƙafa. To fa! Sai gora ta ƙi haɗuwa. Ƙwal, ƙwal, shiru. Yaran nan suna kawo gora daf da ƙafarta sai hannunsu ya mutu, su bar rata, su jira ta fita. Bugu ya rikice, ita da ke sauraron ƙara ta rasa abin bi, ta yi tuntuɓe har sai da wata ta tare ta.

"Ku rufe mana! Hannuwan naku na aro ne?"

Nafisa ta sunkuyar da kai. Yarinya ce mai sanyin hali, ko magana ba ta ɗaga ido. Ta ce, "Malama, wallahi ba mu iyawa. In munka buge ki, mi za mu ce ma iyayenmu? Kin haihi uwata."

Ta canza masu riƙo, abu ɗaya. Ta yi faɗa, ta yi barazana, ta yi lallashi, ta ce ta yafe duniya da lahira. Ina! Wata har ta fashe da kuka. Kuma laifin wa? Ita da kanta ta yi shekaru tana koya musu durƙusa wa babba, da kauce masa a hanya, da karɓar kaya daga hannunsa. Ba a kankare wannan da ihun yini ɗaya. Yara sun yi abin da aka rene su a kai, sun ƙi dukan ƙafar tsohuwa. Ita kuwa babu abin da ya ƙona mata rai kamar tausayin nan. Da zagin ta suka yi da ya fi mata sauƙi. Ta sa takalminta ta tafi gida tana huci.

Tana shiga gida ta tarar da jikarta Sadiya kan tabarma tana cin gyaɗa. Sadiya 'yar aji biyu ce a makarantar, kuma tun ranar da ta shiga kakar ta kafa mata doka: a gida ta yi wasan jika da kaka yadda ta ga dama, amma da zarar an wuce ƙofar makaranta, Malama ce. To yanzu a gida ake.

"Tsohuwa, sannu da zuwa! An ce yau kin yi rawar agwagwa har an tare ki."

Malama Uwani ta ɗaga hannu za ta kai mata dundu, sai hannun ya tsaya a sama. Ta ƙura wa yarinyar ido. Ga mutum ɗaya da ba ta jin kunyarta ko ƙwayar zarra, kuma al'ada ce ta ba ta wannan dama. Saura ɗaya, ta kuma san inda take. Ko hijabi ba ta cire ba ta juya ta tsayar da ɗan kabu-kabu, sai Ƙofar Marke.

Ta samu Lami tsakar gida cikin ƙullin atamfofin da take sayarwa, ta yi ƙiba ta cika kujera.

"A'a, yau wace rana! Gurguwa ce da kanta? Yunwa ta koro ki?"

"Rufe min baki, buhun dawa. Hannunki na aiki ko kitse ya cinye shi?"

"Mi kike so da hannuna?"

"Gora za ki riƙe min ran Alhamis."

Lami ta saki atamfar da ke hannunta. Ta dubi Uwani sama da ƙasa, ta dubi gwiwar, ta ga ba wasa a fuskarta. Dariya ta ɗan ja baya.

"Uwani, wagga ƙafa taki ba ta ɗauka."

"Ke ma tausayin za ki yi min? To na gode, sai an jima."

"Tsaya, ja'ira! Wa ya ce tausayi? Tun zamanin Batista nike jiran in kama ki. Wallahi ba ni rage miki komi."

"Abin da ya kawo ni ke nan."

Kwanakin da suka rage, a tsakar gidan Gawon Nama aka yi su. Lami na zuwa da la'asar, a shimfiɗa taɓare biyu, ta koya wa Sadiya bugu har hannun yarinyar ya faɗa daidai. Maƙwabta suka yi ta leƙe ta katanga suna tambayar ko lafiya.

Alhamis ta zo da rana mai ƙuna. Aka ajiye wa Hajiya Zakiyya kujera a inuwa, yara suka yi da'ira. Lami ta durƙusa kan tabarma tana nishi tana kiran sunan Allah, yara na ƙunshe dariya. Sadiya ta kama ɗaya ƙarshen, sai ga shi ta yi tsuru-tsuru, don ta ga filin makaranta ne.

Malama Uwani ta tsaya kanta. "Ke, dube ni. Yau ba Malama a nan. Kakarki ce, tsohuwar da kike cewa agwagwa. In kin isa ki kama ni."

Idon Sadiya ya yi ƙyalli. Lami ta ɗaga kai, suka fara.

Ƙwal, ƙwal, ƙwas!

Kai! Ƙarar farko sai da yara suka zabura, tsuntsaye suka watse daga kan dogon yaro. Ba su taɓa jin gora ta haɗu da gaske ba. Malama Uwani ta tsaya gefe tana kaɗa kai, ta bar bugun ya shiga jikinta, sannan ta yi bisimilla ta jefa ƙafa. Ta shiga, ta fita. Ta shiga, ta tsallaka ɗaya gefen. Ta juya baya ta dawo, hannu a ƙugu, ido a sama, ko sau ɗaya ba ta kalli ƙasa ba. Matar da ke hawa matakalar ofis tana dafa bango, yau ga ta tana wucewa tsakanin gora kamar ba ta taɓa jin sunan ciwo ba. Gwiwar kuwa tana ci kamar wuta, ita kaɗai ta sani.

Lami, muguwa, ta ƙara sauri. Sadiya ta bi ta. Zufa ta jiƙe ɗankwalin Malama, numfashi ya fara yi mata wuya. A wani juyi gwiwar hagu ta ƙi ɗagowa da wuri, gora ta haɗu a kan idon sawu. Ƙarar ta bambanta, kowa ya ji. Malama Uwani ta zauna daɓas a ƙasa.

Nafisa ta toshe baki da hannu biyu. Hajiya Zakiyya ta miƙe tsaye. "Ya isa, Malama! Don girman Allah ya isa."

Sai ga Lami ta kece da dariya har tana dukan cinya, hawaye na zuba, ba a san na dariya ne ko na wani abu ba. "Na kama ta! Jama'a ku shaida, yau na kama ta!"

"Sai da kinka jira na tsufa, marar kunya," in ji Malama Uwani. Ta ture hannun da aka miƙo mata, ta dafa ƙasa ta tashi da kanta. Ta juya ta dubi yaran ɗaya bayan ɗaya. "Kun ga na mutu? Gora ta cije ni, da zafi, ba ƙarya. To sai mi? Laifin ƙafata ne da ta makara, masu riƙo sun yi aikinsu. Ran Litinin da kunka ji tausayina, ba faɗuwa na tashi yi ba? Lami, sake!"

Suka sake. Ta shiga da ƙafar nan da ta fara kumbura, ta kai rawar har ƙarshe, ta fita a kan ƙafafunta, sannan ta yarda aka kawo mata kujera. Ba wanda ya tafa, yara sun manta da tafi.

Nafisa ce ta fara motsi. Ta zo a hankali ta durƙusa kusa da Lami. "Inna, ki ba ni in gwada." Lami ta miƙa mata, Jamila ta cire takalmi ta tsaya gefe. Nafisa ta kafe idonta kan katako, ta cije leɓe, ta buga. Gora ta haɗu da ƙarar da ta kai har bakin titi.

Hajiya Zakiyya ta daɗe tsaye tana kallo. Da za ta koma ofis ta ratsa ta gaban kujerar Malama, ta ɗan rusuna ta ce a bar rawar a ƙarshen taro yadda aka saba, kuma direba zai kai ta asibiti yanzu, ba shawara ba ce.

Likita ya ce ƙashi bai karye ba, amma tsalle ya ƙare mata, ita da shi har abada. Malama Uwani ta ce ta ji. Wannan karon ba ta yi gardama ba, kuma a mota ta juya fuska wajen taga ta yi kukanta, don ta san rawar Alhamis ita ce ta ƙarshe.

Ranar biki tana zaune cikin iyaye mata, ƙafa naɗe da bandeji a kan ɗan benci, Lami a gefenta tana cinye mata cincin. Da aka shimfiɗa gora hira ba ta tsaya ba. Bugun farko ne ya tsayar da ita. Nafisa da Sadiya na riƙo, 'yan mata na shiga bibbiyu suna fita, gora na rufewa a bayan dugadugansu. Wata uwa ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, za su karya min ɗiya!"

Ko Nafisa ta ji maganar ne, oho. Ta ɗago kai tana neman fuskar Malama cikin taro, hannunta ya ɗan yi sanyi. Malama Uwani ta yunƙura kan ƙafa ɗaya, ta dafa kafaɗar Lami, ta buɗe muryar nan da duk Gawon Nama ta sani:

"Kada ki dube ni, ɗiyar nan! Ba tausayi! Rufe!"